Ina ruwan boilar ke tafiya? Nazarin matsalar wani gida a Arkilla

Boila ta ɗumama ɗakuna ba abu ba ce da ake yawan gani a Sakkwato, garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Amma wanda ya san hunturun nan ya san daga Disamba zuwa farkon Fabrairu asuba kan zo da sanyin da ke shiga ƙashi, musamman ga tsofaffi. Maigidan da wannan lamari ya shafa ya daɗe yana aiki a Ingila. Da ya tashi dawowa sai ya haɗo da boila ta hannu, irin mai aiki biyu: ta ba da ruwan zafi a famfo, ta kuma zagaya da wani ruwan cikin lagiretocin da aka kafa a bango. Saboda mahaifiyarsa ya yi. Tana fama da ciwon gwiwa, kuma ta saba kwana da kaskon garwashi a ɗaki rufe, abin da ya hana shi barci tun yana can, don ya san iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Gidan bene ne a Arkilla. Boilar na rataye a wani ɗan ɗaki bayan kicin, tana aiki da gas na tukunya. Lagireto biyar ne, uku a ƙasa, biyu a sama, bututunsu kuma sun bi ƙarƙashin tayil. Ruwan gida daga burtsatse yake hawa tankin sama, sannan wani ƙaramin injin turi ya ƙara masa ƙarfi kafin ya shiga boila. Ruwan da ke zagaya lagireto dabam yake da na wanka. A rufe yake, ba ya zuwa ko'ina, shi ne dai yau shi ne gobe. Da aka kira ni in duba matsalar, na ƙiyasta girman lagiretocin da tsawon bututun, na ga ruwan bai wuce lita 60 ba.

Ƙorafin shi ne allurar gejin da ke nuna matsin ruwan lagireto ba ta zama wuri ɗaya. Da magariba yaron gida zai buɗe bawul ɗin ƙarin ruwa har allura ta kai ba 1.3 ("ba", wato bar, shi ne ma'aunin matsi), a kunna, gida ya yi ɗumi, in dare ya raba a kashe. Da asuba, lokacin da ake neman ruwan alwala, sai a tarar allura ta kwanta ƙasa da 0.5, boila ta ƙi tashi. Ba taurin kai ba ne, haka aka ƙera ta: yawancin irinta kan kulle kansu in matsi ya sauka zuwa wajen rabin ba, don kada wuta ta ci ƙarfe babu isasshen ruwa. Sai a sake ƙara ruwa. Haka aka yi ta yi tun shigowar sanyi.

"Malam, mi ka shan ruwan ga?" in ji maigidan. "Ko ɗigo ba mu gani ba cikin gida."

Kafin a kira ni, mutum biyu sun taɓa aikin. Na farko ya yanke hukuncin bututu ne ya fashe a ƙasa, ya ɓalle tayil a barandar da ke zuwa ɗakin Inna, mahaifiyar maigidan, ya tarar da ƙasa a bushe ƙamas, ya tafi ya bar rami. Na biyu ya fi shi sanin abin. Ya ɗora gejin taya a bakin tankin iskar boilar, wato tankin da ke ba ruwa wuri in ya kumbura da zafi, ya ga ya nuna ba ɗaya da 'yan kai, ya ce tankin lafiyarsa lau, ya ba da shawarar a zuba maganin toshe yoyon lagireton mota. Allah ya sa maigidan bai yarda ba. Wannan magani kan toshe ƙananan hanyoyin cikin boila kafin ya toshe wata ɓula.

Tambayar farko da na yi ita ce ko da bazara ma haka take yi. Yaron gida ya ce a'a, duk tsawon zafi da damina ana amfani da ruwan zafi a kicin da banɗaki, kuma da wuya ya taɓa bawul ɗin ƙari. Wannan amsa ta fi duk wani kayan aiki da na zo da shi amfani. Ɓula a bututu ba ta san hunturu ba, ba ta san bazara ba. Muddin akwai matsi a ciki za ta yi ta tsiyaya. Abin da ya bambanta lokutan biyu shi ne yawan ruwan da ake dafawa. In famfon ruwan zafi kaɗai aka buɗe, 'yan litocin da ke cikin boilar kanta ne ke yin zafi. In aka kunna ɗumamar ɗaki kuwa, duk lita 60 ɗin ne. Na kuma tambaya ko akwai wanda ya taɓa duba gejin lokacin da lagireto suka yi zafi. Babu. Ana duba shi da magariba wajen cikawa, a duba da asuba in ta ƙi tashi, duka biyun a sanyaye.

Duk da haka ban tsallake gwajin bututun ƙasa ba, saboda zato dabam, tabbaci dabam, kuma akwai ramin da ke baranda yana jiran amsa. Na fara ɗaura gejina a bakin bawul ɗin zubar da ruwa don in gwada gaskiyar na jikin boilar, tunda laka kan toshe siririn bututun geji ya riƙa yin ƙarya. Su biyun suka yi daidai. Da hantsi, bayan komai ya huce sarai, na cika zuwa 1.3, na kashe wutar boilar, na rufe bawul biyun da ke ƙarƙashinta, na mai fita zuwa lagireto da na mai dawowa. Yin haka ya raba tsarin gida biyu: boila a gefe, bututu da lagireto a gefe. Da rana aka yi wannan gwaji da gangan, don kada tsohuwa ta kwana cikin sanyi. Zuwa la'asar allura ta sauko wajen 1.1. Da na buɗe bawulolin a hankali sai ta ɗan ɗaga sama. Ma'anarsa ɓangaren gida ya riƙe matsinsa, har ya ɗan ƙara wa boila. Da a ƙasa ɓular take, da buɗewar za ta ja allurar ƙasa ne. Tayil ɗin dai an fasa shi a banza.

Saura a gano ta inda ruwa ke fita a cikin boilar. Na bi gaɓoɓin da ido ke kaiwa da busasshiyar takardar goge hannu, har da ɗan bawul ɗin da ke fitar da iska da kansa a kan injin zagaya ruwa, wanda shi ma yakan yi hawaye in ya tsufa. Babu danshi. Na duba bututun robar da ke zubar da ruwan raɓar hayaƙi. In boila na kashe kuma a sanyaye amma wannan bututu na ɗiga, to babban kwanon da wuta ke dafa ruwa a cikinsa ya tsage, kuma wannan gyara ne da kan kusa kuɗin sabuwa. A bushe yake.

Akwai wani zargi guda da ya fi shafar gidajenmu fiye da na ƙasar da aka ƙera boilar. A ciki akwai wasu siraran farantan ƙarfe a manne, inda ruwan lagireto ke miƙa zafinsa ga ruwan famfo ba tare da sun gauraya ba. In farantin ya huje a Ingila, ruwan gwamnati mai ƙarfi ne ke kutsawa cikin na lagireto, sai a ga allura na hawa da kanta. A nan kuwa tankin sama ne. Tsayin mita 10 na ruwa ne ke ba da ba ɗaya, tankin gidan nan kuma bai kai haka ba. Ke nan duk lokacin da injin turi ya tsaya aka buɗe famfo, ruwan lagireto ya fi na famfo ƙarfi, kuma shi zai tsere zuwa wancan gefen, ya bi ruwan wanka ya tafi ba wanda ya sani. Littafin da ya zo da boilar ba zai gaya maka wannan ba. Gwajinsa ba wuya: na rufe ruwan sanyi mai shiga, na buɗe famfon zafi na kicin, na jira ya tsane, na ajiye farin kofi a ƙasa. Bai ƙara ɗiga ba, allura kuma ba ta motsa ba. Farantin lafiya yake.

Daga nan na buɗe komai, na mayar da matsi 1.3, na kunna ɗumama, na ja kujera na zauna gaban geji. A boila mai lafiya allura kan hau kaɗan in ruwa ya yi zafi, ta ƙaru da kamar 0.3 zuwa 0.5, ta tsaya. Wannan tun lagireton farko bai gama ɗaukar zafi ba ta wuce 2. Ta ci gaba da hawa ba tsayawa, 2.5, 2.8, har ta shiga jan layi. Tana taɓa 3 sai aka ji wani ɗan tsaki daga ciki, allura ta girgiza ta ja baya kaɗan. Bawul ɗin kariya ne ya buɗe, wato wanda ke zubar da ruwa waje in matsi ya yi yawa. An saita shi a ba 3 ne daidai saboda irin wannan.

Na bi bututun tagullar da ke fita daga wannan bawul. Ya huda bango ya ɓulla ta bayan gida, a wani lungu tsakanin katanga da ɗakin janareta inda ba mai bi. Bakinsa ya yi farin ɓawo kamar an shafa alli, farin layi ya gangaro jikin bango har ƙasa. A gindin katangar kuma, cikin watan Janairu, lokacin da ko'ina ƙura ce da busasshiyar ciyawa, ga wani ɗan tsiro kore shar, zanzaro biyu na kai-komo a bakin bututun. Ruwa ba ya tsami banza. Dalilin da ya sa ba a taɓa ganin jiƙa ba shi ne da dare ruwan ke fita, da zafinsa, ya sauka kan yashi, iskar hunturu kuma ta kwashe sauran kafin gari ya waye. Na ɗaure gorar ruwa ta roba a bakin bututun da waya, na huda ta a sama don tururi ya samu hanya. Zagaye ɗaya na ɗumama ya tara fiye da lita guda.

Lissafin ya yi daidai da abin da gora ta nuna. Ruwa yana kumbura in ya yi zafi. Daga digiri 20 zuwa 70 yakan ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, wato a lita 60 za a samu ƙarin lita ɗaya da ɗan wani abu. Ruwa ba ya matsuwa, dole wannan ƙarin ya samu wurin zama. Aikin tankin iska ke nan. Wani jan tanki ne falale a bayan boilar, mai cin lita 8, an raba cikinsa biyu da tantanin roba: ruwa a gefe ɗaya, iska a ɗaya gefen. In ruwa ya kumbura sai ya tura robar, iska ta matsu ta ba shi wuri. In ya huce iskar ta turo shi ya koma. Ƙa'idar tsohuwa ce, tun 1662 masanin kimiyya Robert Boyle ya bayyana cewa gwargwadon yadda ka rage wa iska wuri, gwargwadon yadda matsinta ke ƙaruwa. To in iskar ta zurare, robar sai ta manne da bango, tanki ya cika da ruwa tun a sanyaye. Ƙarin litar nan ba ta da wurin zuwa sai waje. Da boila ta huce, ruwan da ya rage ya tsuke, ga shi an yi asarar lita, sai allura ta faɗi. Yaro ya ƙara ruwa, gobe a maimaita.

Me ya sa mutum na biyu ya ga ba ɗaya da 'yan kai a tankin? Saboda ya auna ne alhali tsarin na cike da ruwa. A wannan hali ruwan ne ke danna robar, ɗan guntun iskar da ya saura ya matsu har ya yi daidai da matsin ruwa. Abin da gejinsa ya karanta matsin boila ne, ba na tanki ba. Ba a auna tankin iska sai an sauke matsin ruwa zuwa sifili. Wannan kuskure ya yi yawa a wurin masu aikin, har waɗanda suka daɗe a ciki, kuma shi ke sa a yi ta fasa ƙasar gidajen mutane.

Na kashe boila, na rufe bawulolin ƙasa, na buɗe wurin zubarwa na bar shi a buɗe da bokiti a ƙasa. Bakin tankin irin na tayar mota ne sak. Na danna ɗan tsinken da ke ciki da farce. Da ruwa ya fito, da robar ta yage, sai dai sabon tanki. Ba ruwa, sai wani ɗan huci mara ƙarfi da ya mutu nan take. Geji ya nuna kusan sifili. Wannan labari ne mai daɗi, don yana nufin robar na nan.

Takardar da ke manne jikin tankin ta ce ba 1, wato kimanin fam 14.5 a gejin masu faci. Mai gadi ya ce a kira mai facin bakin titi ya zo da injinsa a gama nan da nan. Ban yarda ba. Injin da ke cika tayar mota zuwa fam 30 da wani abu zai wuce fam 14 kafin ka ɗaga yatsa, kuma tsohuwar roba ba ta jure wannan. Famfon keke na ƙafa na yi amfani da shi. Ina takawa allurar famfon na hawa da sauri ta dawo a hankali, ruwa kuma na fita a bokiti da ƙyar, siriri. Tankin da ke cike da ruwa ya kamata ya amayar da shi da ƙarfi. Na kwance lanƙwasasshen tiyon da ya haɗa tankin da boila, na ga ya kusa toshewa da wata baƙar laka mai santsi. Na shanya kaɗan a kan tayil ɗin da aka ɓalle, na kusantar da maganaɗisun tsohuwar lasifika, sai ga ta tana miƙewa tana mannewa. Tsatsar ƙarfe ce, daga cikin lagiretocin.

Wannan laka ita ce ainihin kuɗin da ƙarin ruwan kullum ya ci. Ruwan da ke rufe a tsari, da zarar iskar oksijin da ya shigo da ita ta ƙare, tsatsa sai ta lafa. Duk sabon ruwa kuwa da sabuwar oksijin yake zuwa, da kuma gishirin ƙasa. Ruwan burtsatsen gidan nan mai barin farin ɓawo ne a butar shayi, ba kuma abin mamaki ba ne a yankin da ake haƙar dutsen farar ƙasa ana yin siminti a Kalambaina. Lita guda kowane dare, tsawon sanyi, ya isa ya cinye lagireto ta ciki ya kuma shimfiɗa ɓawo a inda wuta ke dukan ƙarfe. Shi ya sa nake ganin bawul ɗin ƙarin ruwa ya fi kowane sashe na boila yaudara: yana sa ta tashi, sai a ɗauka an yi gyara.

Bayan na wanke tiyon na mayar, ruwa ya fito da yawa, iska ta zauna a ba 1. Na shafa kumfar sabulu a bakin tankin, sai ga ƙananan ƙwayaye na tasowa ɗaya bayan ɗaya. Nan iskar ke zurarewa. A nan mai facin ya yi rana: a wurinsa aka sayo sabon tsinken bawul, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Aka sauya, aka sake cikawa, kumfa ta kwanta shiru.

Saura bawul ɗin kariya. Saukar da allura ta yi daga 1.3 zuwa 1.1 a gwajin rana, alhali ba wuta, daga gare shi ne. Bawul ɗin da ya yi ta buɗewa da ruwa mai laka, tsakuwar tsatsa kan maƙale a mazauninsa, daga nan ba ya ƙara rufewa ruf. Maigidan ya tambaya ko ba za a toshe bututun wajen ba kawai, tunda an gyara tanki.

Na ce, "Ranka shi daɗe, wanga bawul shi ɗai ka tsaye tsakanin boila da fashewa. In an toshe shi, ni ba ni ƙara taɓa ta."

Bai ja ba. Samun sabo ne ya ɗan ba da wahala. Masu kayan famfo a kasuwa suna da bawul ɗin kariya, amma na hitar banɗaki, wanda ke buɗewa a ba 6 zuwa 8. Zaren bakinsa na iya shiga, mai shago kuma zai rantse maka ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, boilar da aka ƙera don ba 3 za ta lalace kafin ya motsa. Sai daga Legas aka aiko da mai lamba 3. Kafin isowarsa gorar ta zauna a bakin bututu, kuma abin da take tarawa bai wuce cikin cokali ba, tunda allura ta daina zuwa jan layi.

Ranar da aka sauya bawul aka wanke tsarin gaba ɗaya, lagireto ɗaya bayan ɗaya, har ruwa ya fito fari, sannan aka cika aka zuba maganin hana tsatsa na ainihi da ake yi don irin wannan tsari. Na tsayar da matsi a 1.2 a sanyaye. Lagireton sama bai fi mita 4 a kan boilar ba, wato 0.4 kawai ake buƙata ruwa ya kai can, saura kuwa rara ce. Lissafin tanki mai lita 8 ya ce in ruwa ya yi zafi allura ta tsaya wajen 1.6, kuma nan ta tsaya. Ɓangaren gas da na hayaƙi ban buɗe ba, ba aikina ba ne. Na dai ce a nemo wanda ya san shi ya tabbatar an juya boilar daga gas ɗin bututu na Turai zuwa na tukunya yadda ya dace, a kuma kafa na'urar da ke ƙara in iskar nan mai kisa ta taru.

A kwanakin farko allura ta ɗan sauka zuwa 1.1, hankalin maigidan ya tashi. Ba komai ba ne. Sabon ruwa na sakin iskar da ke narke a cikinsa in an dafa shi, ana kuma fitar da ita ta kan lagireto, dole matsi ya ɗan ragu. Aka ƙara sau ɗaya, daga nan ta zauna har ƙarshen sanyi. Na sa yaron gida ya riƙa rubuta lamba biyu a takardar da aka manna a ƙofa, ta sanyi da ta zafi. In tazarar da ke tsakaninsu ta fara kai ba ɗaya, tankin ne ke neman iska. In duka biyun na sauka tare tazarar ba ta sauya ba, to yoyo ne, a kira ni. Na cire hannun bawul ɗin ƙari na ba maigidan ya ajiye a wurinsa. Tankin kuma a riƙa auna shi kowace shekara cikin Nuwamba, ruwa a sauke.

Da ni aka shawarta tun farko, da ban ce a ɗauko boila daga Ingila don sanyin wata biyu da rabi ba. Na'urar sanyaya ɗaki mai juyawa ta ba da ɗumi, ko hitar lantarki mai mai a ciki, ta ishi ɗakin tsohuwa, kuma kayan gyaransu na nan cikin gari. Amma an riga an kafa, Inna kuma ta ce gwiwarta ta san bambanci. Lagireto ɗaya na sama ya nuna tabon tsatsa a ƙasansa, fentin ya kumbura wuri biyu. Bai fara ɗiga ba, amma ƙarfen ya yi siriri. Mun yi da maigidan za a cire shi cikin Maris in an daina kunna ɗumama, a haɗa da gyaran tayil ɗin baranda.